Zanen Gawayi a Zauren Tabawa

Shekarar da rijiya ta rufta wa Tanimu
a wani ƙauye gabas da Gumel,
ya bar 'ya'ya huɗu, da jaki mai ɗingishi,
da rumbun da ko ɓera ya daina kai wa gaisuwa.

Ni ina Kano, ina auna atamfa a Kwari.
Ƙanwata ce ta kawo min labari.
Na ce duk ƙarshen wata a kai musu gero,
da manja, da sabulu, da ɗan na cefane.
Na ji a raina na sayi inuwa.

Wata bakwai ina aike.
A na takwas direba ya dawo da buhun:
“Alhaji, ta ce a gaishe ka da kyau,
ta ce in da hali ka zo da ƙafarka.
Maganar ta fi ƙarfin aike, in ji Tabawa.”

Na tafi ina huci.
Wa ya taɓa ganin mai yunwa ya mai da tuwo?
A zaure ta tarbe ni, wan mijinta na gefe,
ta ajiye ruwan randa, ta nuna bango:
zane bakwai na gawayi, a jere kamar kunyar dawa.

“Kowane zane buhunka ne.
Mun ci, mun gode, Allah ya saka.
Amma Sale ya jingine fartanyar ubansa,
yana wuni a bakin titi
yana sauraren kukan motarka.
Hannun da ya saba da miƙawa
yakan manta nauyin taɓarya.
Wannan na fi tsoro, ba yunwa.”

Na ce, to me kike so?
“Tukunyar ƙarfe babba, wadda za ta ci tiya goma,
itacen wata guda, da buhun kalwa.
Kakata ba ta bar min gona ba,
ta dai bar min hannun daddawa.”

Kashin farko ya lalace.
Ruwan bazara ya same shi a shanya,
ta zubar wa juji, ba ta aiko min ba.
A bakin ƙanwata na ji,
na ce ai ga irinta, kuɗi sun bi ruwa.
Ashe ta sayar da kwanonta na aure
ta sake hura wuta kafin asuba.
Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe da ganye,
kwana uku ƙauye na toshe hanci,
a na huɗu maƙwabta suka fara leƙowa.

Ran Alhamis Sale ya ɗaura wa jaki mangala,
ɗingishi, ɗingishi har Maigatari.
Ya dawo da gishiri, da littafin Rakiya,
da canji a ƙulle, da wata irin tafiya
ta yaron da ya san farashi a kasuwa.

Bayan damina biyu ta aiko da kuɗi a leda.
Na mayar: sadaka ba ta komawa.
Ta ce, “In ba ta komawa, sai ta yi gaba.”
Ta sayi tukunya ta kai wa Marka,
wadda ta fita takaba a makon,
ta zauna da ita har wuta ta kama,
ta nuna mata yadda ake gane nuna a ɗanɗanawa.

Yanzu miyar kukar gidana da daddawarta ake yi.
Saye nake, kuma ba ta rage min ko sisi.
Bara na bi ta ƙauyen, na leƙa zauren:
ta goge zane shida da babban yatsa,
ɗaya na nan, baƙi ƙirin.
Na tambaya. Ta gyara lulluɓi.
“Wannan na watan farko ne,
ranar da na ɗora ruwa zalla a murhu
don yara su yi barci suna jiran tafasa.
Shi ba a biyansa, Alhaji.
Sai dai tunawa.”